Zangon Maitama

Abuja birni ne da aka zana a takarda kafin a aza tubalinsa, kuma cikin manyan gine-ginen da suka fara tashi daga takardar akwai masaukin baƙi. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar ɗauke babban birnin tarayya daga Legas zuwa tsakiyar ƙasa, amma ƙaurar ba ta tabbata ba sai ranar 12 ga Disamban 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, a shekarar 1987, aka buɗe katafaren otal ɗin nan da ke kan titin Aguiyi Ironsi a unguwar Maitama. A lokacin sunansa Nicon Noga Hilton, yau kuwa Transcorp Hilton, tun bayan da kamfanin Transcorp ya karɓi kaso mafi rinjaye a 2005. Wato sai da aka shimfiɗa wa baƙo gado da shekara huɗu kafin mai gida ya tare. Hawa goma ne, da ɗakunan kwana kimanin 670, da babban zauren taro mai cin mutum sama da dubu, da ƙananan zauruka waɗanda aka raɗa wa sunayen jihohi, irin su Kano da Borno da Filato da Legas da Ogun. A nan ne kaɗai mutum zai fito daga Kano ya shiga Legas cikin 'yan taku, bai ci karo da shingen jami'an tsaro ko ramin hanya ba.

Bautar ƙasa ce ta kai ni wannan gida. Bayan na kammala digirina a fannin harshe a Jami'ar Bayero, sai aka tura ni Abuja, aka haɗa ni da wata ƙungiya mai shirya tarurruka kan ilimi da lafiya. Aikina kashi biyu ne. Da rana in zauna a ƙarshen zaure in rubuta abin da kowa ya faɗa, da dare kuma in fassara sanarwar bayan taro zuwa Hausa domin gidajen rediyo. Cikin shekara guda na shiga otal ɗin sau da yawan da na daina ƙirgawa, har sanyin na'ura da taushin dardumar da suka sa ni tafiya a ɗarare a makon farko suka zame mini jiki.

Wanda ya ɗauka a cikin zaure ake yin taro, bai zauna a falon karɓar baƙi ba. Can ne kasuwar take ci. Ga ɗan majalisa da zugar yaransa, ga ɗan kwangila rungume da ambulan, ga Baturen da ya sauka daren jiya yana gwada sabuwar hular da aka ba shi, ga wani bawan Allah da ya sayi kofin shayi guda ya zauna da shi tun hantsi har la'asar, yana dakon wani babba ya fito daga lif domin ya samu minti biyu a kunnensa. Ana gaisawa, ana musayar kati, ana jan hannu zuwa gefe. Akwai ɗakin cin abinci da ake kira Bukka, kuma na sha yin murmushi idan na tuna bukkar da na sani a gonarmu, wadda iska ke ɗauke mata jinka duk farkon damina. Yawan kallon wannan hada-hada ne ya tuna mini da kakana, har na gane cewa abin da nake gani ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Zango ne aka yi masa hawa goma.

Kakana na wajen uwa falke ne. Yakan kai shanu Ibadan ya komo da huhunan goro, kuma har ya rasu bai gaji da ba mu labarin unguwar Sabo da mai gidansa na can ba. A tsarin fatauci na wancan zamani, mai gida shi ne wanda falke ke sauka a wurinsa. Shi zai ba shi ɗaki, a kawo masa tuwo daga cikin gida, ya adana masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillalai, ya yi masa tafinta da mahautan Yarbawa. Amma abin da ya sa ake kiransa mai gida da gaske shi ne lamuni. Yawancin shanun bashi ake sayar da su, falke kuma baƙo ne, bai san mai gaskiya ba, bai san macuci ba. Saboda haka duk cinikin da aka ƙulla ta hannun mai gida, shi ya tsaya masa. In mahauci ya gudu da kuɗi, mai gida zai biya daga aljihunsa, domin ranar da labari ya isa Arewa cewa dukiyar baƙo ta salwanta a gidan wane, ranar gidan ya mutu. Kakana yakan ce bai taɓa riƙe takardar yarjejeniya ba a duk shekarun da ya yi yana safara, abin da ya riƙe shi ne sunan mutum guda.

Na daɗe ina neman wanda ya gaji mai gidan nan a zangon Maitama, kuma inda na fara samunsa shi ne ta ƙofar baya. Ranar da muke da taro nakan riga kowa zuwa domin in gwada lasifika da majigi, saboda haka nakan tarar da masu shirya zaure suna tsakiyar aiki. Yawancinsu daga Nyanya da Mararaba da Kubwa da Suleja suke tasowa tun kafin kiran assalatu, domin Maitama ba unguwar da ma'aikaci zai kama haya ba ce. Shugabansu wani dattijo ne ɗan Filato mai Hausa garau, wanda kullum yake riƙe da wata takarda a kan allo. Takardar aikin ranar ce, kuma duk babban otal na taro da irinta yake tafiya. A cikinta an rubuta yawan kujeru, da yadda za a jera su, ko layi-layi kamar aji ko zagaye da tebura goma-goma, da yawan makirufo, da ƙarfe nawa shayi zai fito, da kofi nawa, da mutum nawa ba sa cin nama, da lokacin da za a kwashe faranti. A gaban kowane layi akwai sashen da aikin ya rataya a wuyansa, akwai kuma sa hannu. Na ga an tashi daga taron likitoci da ƙarfe biyar, kafin ƙarfe bakwai zauren ya koma wurin liyafar biki, an canja ƙyallayen tebur, an kawo furanni, ba a ji ko da ɗaga murya ba.

Wata safiya na tambaye shi cikin raha, na ce, “Baba, yanzu idan shayin nan ya makara fa?”

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, “Ɗana, shayi ba ya makara. Mutum ke makara, ga kuma sunansa nan a rubuce.”

Da wannan magana a kunnena na koma kan tawa takardar, sai na ga abin da na yi watanni ina fassarawa. Sanarwar bayan taro tana da nata harshe, kuma a Hausa harshen ya ginu ne kan wani ɗan ƙaramin wakilin suna da ba ya nuna kowa: an, ana, aka, za a, a. An lura cewa. Ya kamata a ƙara ƙaimi. A wayar da kan jama'a. A haɗa hannu da masu ruwa da tsaki. Za a sake duba lamarin. A ajin nahawu mun koyi cewa wannan siga taska ce ta ladabi da kunya. Da ita uwa ke cewa “an dawo?” ga ɗan farinta domin kada ta ambaci sunansa, da ita ake cewa “a yi haƙuri” a gidan makoki, da ita babba ke ba da umarni ba tare da ya ƙasƙantar da na ƙasa ba. Amma da aka ɗauko ta daga tsakar gida aka kawo ta zauren taro, sai ta zama mayafin da alkawari ke lulluɓa da shi ya fita ba wanda ya ga fuskarsa.

Na ga yadda ake ɗinka mayafin da idona. A wani taro kan tsaron makarantu, wata shugabar makarantar 'yan mata daga Arewa ta miƙe a lokacin tambayoyi. Ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce katangar makarantarta ta faɗi ta gefen gabas tun daminar bara, maigadinta ɗaya ne kuma tsoho, tana son ta san wanda zai gina katangar da kuma ranar da zai fara. Wani babban jami'i daga jiharta ya amsa cewa ma'aikatarsu za ta yi kafin ruwa ya sauka, aka tafa. Haka na rubuta shi a daftari, da sunan ma'aikatar da wa'adin. Da dare kwamitin tace kalmomi ya zauna a wani ƙaramin ɗaki, shugaban kwamitin ya ja biro a kan layin.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai shi da bakinsa ya faɗa, a gaban kowa.”

Ya ce, “Samari, faɗa daban, rubutawa daban. Ba mu da hurumin ɗaure kowa. Gobe ma muna so su amsa gayyatarmu.”

Washegari abin da na karanta wa gidajen rediyo shi ne cewa taron ya yi kira da a inganta tsaro a makarantun kwana. Ba zan ce mutumin mugu ne ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Jami'in gwamnati ba shi da ikon yin alkawarin kuɗin da ba su cikin kasafi, ƙungiya mai zaman kanta ba kotu ba ce, sanarwar da mutum ɗari biyu za su amince da ita kuwa dole a goge mata kaifi. Duk na fahimci wannan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewa a gini ɗaya, a rana ɗaya, kofin shayi yana da mai shi, katangar da ke tsakanin 'yan mata ɗari da daji ba ta da shi.

Sunan wannan birni ya hau kan alkawura da dama irin waɗannan. Ranar 25 ga Afrilun 2000 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka ƙudurta rage mace-macen zazzaɓin cizon sauro da rabi kafin 2010. Har yau Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya. A Afrilun 2001 suka sake haɗuwa a nan suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron, wadda sanarwar ke ɗauke da sunan babban birninta, ba ta taɓa kai wannan adadi ba a kasafin tarayya.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na 2014. Daga 7 zuwa 9 ga Mayun shekarar aka yi taron tattalin arzikin duniya kan Afirka a cikin wannan otal. Makonni uku kafin nan, ranar 14 ga Afrilu, bam ya tashi a tashar motar Nyanya da safe, da dare kuma aka kwashe ɗalibai mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok. Ranar 1 ga Mayu wani bam ɗin ya sake tashi a Nyanya. Gwamnati ta rufe makarantu da ofisoshinta na Abuja na tsawon kwanakin taron domin baƙi su samu sararin hanya. A dandalin Unity Fountain, wanda ke daf da otal ɗin, iyaye da masu fafutuka sanye da jajayen kaya suna zama kullum suna neman a dawo da 'yan matan. A wannan taro ne tsohon Firaministan Birtaniya Gordon Brown tare da 'yan kasuwar Nijeriya suka ƙaddamar da shirin kare makarantu, da alkawarin dala miliyan 10 na farko. Ina ɗan shekara goma sha biyar a lokacin, a rediyon mahaifina na ji labarin, kuma na gaskata cewa an kawo ƙarshen abin ke nan. Bayan haka aka yi Dapchi a 2018, aka yi Ƙanƙara ranar 11 ga Disamban 2020, aka yi Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, aka yi Kuriga a Maris ɗin 2024.

Mu mutanen jihar Katsina ne. Lokacin da aka kwashe yaran Ƙanƙara sama da 300, ƙanwata tana aji uku a wata makarantar kwana ta 'yan mata. Aka rufe makarantun kwana, ta dawo gida da akwatinta da bokitinta. Da aka buɗe, mahaifinmu ya ce shi ba zai iya runtsawa ba muddin tana can, kuma babu wanda ya iya ce masa ya yi kuskure, domin babu wanda zai iya ce masa “ni na tsaya mata.” Yarinyar da ke gyara mini lissafi tun tana firamare ba ta koma ba. Yanzu tana ɗakin mijinta da ɗiya guda, tana cikin rufin asiri, ba ta kuma taɓa yi mini ƙorafi ba. A daren da aka soke layin katangar nan ta kira ni muka gaisa, na gaya mata irin taron da muke yi.

Ta ce, “To Yaya, me suka ce za su yi?”

Na ce, “Sun ce za a inganta tsaro.”

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, “Su wa?”

Ina tsaye a farfajiyar otal ɗin, motoci masu baƙin gilashi suna ta sauke mutane, na rasa abin da zan ce mata.

Duk da haka ba na cikin masu cewa taro ɓata lokaci ne, domin na san aƙalla alkawari ɗaya da aka ɗauka a Abuja ya cika. A Fabrairun 2009 gwamnonin jihohi suka sa hannu kan ƙudurin kawar da cutar shan inna, kowa da sunansa da jiharsa, aka kuma riƙa bibiyar abin da kowane ya yi. A wannan shekara sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar suka kafa kwamitinsu, aikin ya gangaro daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya ga ƙarshen wannan igiya. Ya ga matan da ke bi gida-gida da akwatin ƙanƙara, ya ga alamar alli a jikin bango mai nuna an shiga gidan, ya ga tawada a ɗan yatsan yaro, ya ga mai unguwa da kansa a ƙofar magidancin da ya ƙi. An sha wahala, har ma'aikatan rigakafi sun rasa rayukansu a Kano a 2013. Amma daga 2016 ba a sake samun wanda ainihin ƙwayar cutar ta kama ba, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Bambancin wannan alkawari da 'yan'uwansa a bayyane yake. An yanka shi gunduwa-gunduwa har ya kai girman da mutum ɗaya zai ɗauka, kowace gunduwa kuma aka rubuta mata suna, tamkar takardar dattijon nan ɗan Filato.

Otal ya sauke nasa nauyin. An ce ya ba da ɗaki, da haske, da abinci a kan lokaci, ya kuwa bayar, kuma lamunin abin da baƙi suka ƙulla a zaurukansa ba ya cikin kuɗin da aka biya shi. Gurbin mai gida na nan a buɗe, mu da muke shirya taro da rubuta sakamakonsa ya kamata mu cike shi, in kuwa ba mu iya ba mu nemo wanda zai iya. Ni dai ƙaramin ma'aikaci ne, abin da ke hannuna biro ne, saboda haka da shi na fara. A watannina na ƙarshe na roƙi Baba ya ba ni tsohuwar takardar aiki guda, na kwaikwayi tsarinta. A bayan kowane rahoto na riƙa liƙa shafi mai gida uku: me za a yi, wa zai yi, yaushe. Sau da yawa kwamiti yakan cire shafin kafin a buga, wani lokaci da dariya, wani lokaci da tsawa. Nakan mayar da shi a rahoto na gaba.

A taron ƙarshe da na yi wa ƙungiyar aiki, shugabar zaman ta ga shafin ta ce a bar shi, a zagaya da shi. Ya dawo hannuna da ƙudurori goma sha ɗaya da suna ɗaya tak. Wata darakta ce daga ma'aikatar ilimi ta wata jiha, ta rubuta cewa ita za ta kai maganar gyaran katanga da fitilun makarantu biyu gaban kwamishinanta cikin wata uku, ta sa lambar wayarta a ƙasa. Wa'adin ya cika bayan na tuɓe kakin bautar ƙasa na koma gida, babu wanda ya sa ni, babu mai biya na, amma na kira ta. Na gabatar da kaina, na ce, “Hajiya, a gafarce ni, maganar shafin nan ce da kika sa wa hannu.”

Ta yi dariya, ta ce, “Ashe da gaske kake, ɗan nan. Na kai takardar, na koma sau uku kafin ya sa hannu. Ta ɗaya bulo ya isa, magina sun fara. Ta biyun kuɗin ba su fito ba tukuna, amma ina kai. Ka sake kira na bayan sallah.”

Na rubuta ranar a gaban sunanta, na ƙara “bayan sallah” a gida na uku. Layuka goma da ke ƙasa da nata suna nan yadda suka dawo mini, shafin kuma yana cikin jakar da nake zuwa neman aiki da ita.